Takardar da Na Rubuta wa Baffa Liman

Na daɗe ina ɗaga wannan babi. Labarin gidanmu na Indabo na rubuta muku shi ba tare da wahala ba, haka na shigata makarantar koyon aikin lafiya, haka na aurena da Babanku. Amma duk sanda na iso shekarar da aka yi wa Baffa Liman aiki, sai in rufe littafin in ce sai gobe. Yanzu ido ya fara gajiya, gwiwoyin nan kuma kun san halin da suke ciki, ban ga amfanin ci gaba da cewa gobe ba. Kun taso kuna jin ana faɗa a Lajawa cewa uwarku ce ta sa aka farke cikin yayan mijinta, ta raba shi da limanci. Ke Saudatu kin taɓa dawowa daga biki kina kuka a kan wannan magana, na ce ki wanke fuska ki ci abinci, ban ƙara miki komai ba. Ba don ba ni da amsa ba ne. Amsar ce take da tsawo, ni kuma a lokacin na gaji.

A shekarun nan ina aiki a wani ƙaramin asibiti kusa da Lajawa, ɗaki uku da baranda, da bishiyar darbejiya a ƙofa inda masu jinya suke shimfiɗa tabarma. Kullum daga Wudil nake tashi bayan na sallame ku makaranta, in hau babur ko motar kasuwa, in dawo bayan la'asar ƙafafuna a kumbure. Aikin bai wuce awon ciki, rigakafin yara, zazzaɓi, gudawa da wankin miki ba. Abin da ya fi ƙarfinmu kuwa, akwai wata takarda a aljihun tebur da muke cikewa: sunan mara lafiya, abin da ya kawo shi, abin da muka gani, da inda muke roƙon a duba shi. In mutum ya kai ta asibitin gari likita ya sa hannu, sai a tura shi Kano wurin waɗanda suka ƙware. Mutanen ƙauye ba sa son takardar nan. A wurinsu in an ba ka ita an gama da kai ke nan, saura a jira labari. Sun fi so ka yi musu allura su koma gida.

Ciwon da ya shafi bayan gida kuwa, ba ma a kawo mana shi. Duk abin da ya fito ta nan sunansa basir, kuma kowa ya san inda ake sayen maganinsa. Ranar Juma'a a kasuwar Wudil masu magani suna ɗora lasifika a kan mota suna lissafa alamominsa, maza suna saye suna cusawa a aljihu. Ban ce babu basir ba. Akwai shi, da yawa ma, kuma yawancinsa ba ya kisa. Amma akwai wani ciwo da yake ɓuya a bayansa, ciwon daji na hanji, wanda farkonsa da basir kamarsu ɗaya. Mu an koya mana yadda za mu yi zarginsa ne kawai. Gano shi da cire shi aikin likitocin tiyatar hanji da dubura ne, su kuma sai Kano, rana ɗaya a mako suke ganin sababbin mutane.

Yaya Hanne, matar Baffanku, ita ta fara zuwa. Ana tsakiyar girbin gero. Ta zauna a baranda har kowa ya watse, sannan ta shigo ta turo ƙofa. Muka gaisa, ta tambaye ku ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi Babanku, ta koma ta sake tambayar gajiya. Na san akwai magana.

"Rabi, Malam ne," ta ce, tana murza bakin mayafinta. "Wata biyar ke nan ina wanke jini a wandonsa. Ya ce basir ne, ya sha jiƙo har ya gaji. Ni abin da ya tsorata ni ramar. Yanzu sai ya zagaya mazagi sau biyu kafin wando ya zauna masa."

"Ya san kin zo?"

"Rufa mini asiri. In ya ji, ban san inda zan sa kaina ba."

Da na koma gida na gaya wa Babanku, na ce ya je ya yi wa yayansa magana. Ya girgiza kai.

"Yanzu ni in je in zauna a gaban Yaya in tambaye shi yadda yake bayan gida? Mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar Baba? Ko kwano ɗaya ban taɓa sa hannu da shi ba."

"To in ba ka je ba ni zan je."

"Ke da ko sunansa ba kya faɗa?"

Gaskiyarsa ne. Tun da aka kawo ni gidanku ban taɓa haɗa ido da Baffa Liman ba. In na je gaida shi, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ya amsa, in tashi. Shekara ashirin da wani abu yana jan salla a masallacin unguwarsu, shi yake raɗa suna, shi yake ɗaura aure, shi yake sallatar gawa. Irin wannan mutum zan je in yi wa tambayar da ko mace ’yar uwata sai na rage murya nake yi mata. Na kwana biyu ina juya abin, rana ta uku na sa farar rigar aiki a kan atamfata, don ina jin in da ita a jikina ba matar ƙaninsa ba ce take magana, na tafi da hantsi.

Na same shi a zaure a kan buzu, littattafai a gefensa. Na durƙusa ta ƙofar cikin gida, Yaya Hanne a bayana kamar za ta shige bango. Da muka gama gaisuwa ban tashi ba, sai ya ɗago ya dubi rigar, ya dubi matarsa, ya gane komai. Bai yi faɗa ba. Ya juya fuskarsa ga ƙofar waje, ni ma na juya tawa ga bango, a haka muka yi maganar, kowa yana kallon wani wuri. Na tambaye shi ko jinin ja ne yake ɗiga daga baya, ko a gauraye yake fitowa. Ya ce a gauraye. Na tambaye shi ko in ya gama yana jin kamar da saura. Ya ce yana ji. Na tambaye shi sau nawa yake zagayawa a yini. Ya ce tsakanin azahar da la'asar ma yakan sake alwala sau uku. Na saci kallo, na ga tafin hannunsa da yake kan gwiwa fari fat, kamar wanda ya taɓa gari.

"Malama, basir ne," ya ce. Haka yake kirana, Malama. "Babanmu ma da shi ya rayu har ya tsufa."

"Allah gafarta Malam, basir ba ya ramar da mutum haka. Ina so a duba ka a Kano."

"Ki ba ni magani dai."

"Ba ni da maganin abin da ban sani ba."

Na cike takardar a nan zauren, a kan cinyata, na miƙa wa Yaya Hanne ta ajiye a gabansa. Ya ɗauka ya sa a cikin littafi ya rufe. Ta yi sati shida a cikin littafin nan. Sau biyar ina komawa. Ya ce sai an gama kai gero rumbu, aka gama. Ya ce sai an cire wake, aka cire. Ya ce akwai ɗaurin aure a Ɗankaza da ya yi alkawari. A zuwana na biyar na daina lallashi, na ce masa in abin da nake tsoro ne, kuma bai je ba, ba na jin zai ga wata damina. Yaya Hanne ta fashe da kuka. Shi kuma ya yi mini tambaya ɗaya.

"In na je me za su yi mini?"

"Dubawa kawai za su yi."

Ga laifina na farko, ku rubuta shi a inda ya dace. Ban yi ƙarya ba gaba ɗaya, don dubawar za a fara yi. Amma na san abin da yake iya biyo baya. Na san in ciwon yana can ƙasa kusa da mafita, sukan cire wurin duka su rufe, su fito da bakin hanji ta gefen ciki, mutum ya ƙare rayuwarsa da jaka a maƙale. Na taɓa gani a lokacin da nake koyon aiki. Na kuma san in na furta wannan a zauren nan, takardar ba za ta sake fitowa daga littafi ba. Sai na haɗiye.

Zirga-zirgar Kano ba zan iya ba ku labarinta duka ba, don ni kaina ta cakuɗe mini. Mu huɗu muke tafiya, shi da Yaya Hanne da Babanku da ni. Mu tashi bayan asuba, mu haye gadar Wudil rana ba ta fito ba, mu isa mu tarar benci ya cika da mutanen da suka fi mu nisan gida. A karɓi kati, a ce a jira. A kira suna, a ce a je a ɗebi jini a dawo wani satin. A dawo, a ce ranar da za a zura masa na'urar da take haska cikin hanji sai bayan sati uku, kuma sai ya yini bai ci komai ba yana shan wani ruwa mai wanke ciki. Aka yi, aka gutsiri ɗan nama aka kai awo, aka ce a sake jira. Duk wannan mutumin nan bai taɓa cewa wash ba. Yana zaune a ƙarshen benci da carbinsa, babbar rigarsa ta yi masa yawa, in an kira sunansa ya miƙe a hankali kamar ba shi ake nufi ba. Ni kuma in bar asibitina a hannun abokiyar aikina, in dawo in tarar da mata masu awo suna hararata, in iso gida in tarar kun ci garau-garau kun ƙoshi da ruwa.

Likitan da ya gaya mana sakamako ba tsoho ba ne, Hausarsa kuma ta nuna ba ɗan Kano ba ne, amma ya iya magana da manya. Ya sa aka rufe ƙofa, ya jawo kujerarsa kusa, ya ɗauki biro ya zana hanji a bayan wata takarda, ya sa ɗigo a can ƙasa.

"Baba, ga inda yake. Ciwon daji ne. Abin da ya yi mana daɗi, ba mu ga ya bazu ba. Abin da bai yi mana daɗi ba, ya yi kusa da ƙofa sosai. In za mu cire shi duka, sai mun cire har da ƙofar."

Sannan ya yi bayanin jakar, bai ɓoye komai ba. Ya fito da guda ɗaya daga aljihun tebur ya ajiye a gabanmu. Babanku ya tashi ya fita. Baffa ya daɗe yana kallonta, sannan a karon farko tun da na shigo danginku ya juyo ya dube ni ido cikin ido.

"Malama, kin san da wannan?"

"Na san yana iya yiwuwa."

"Tun a zaure?"

"Tun a zaure."

Ya koma ga likita ya tambaye shi abu biyu. Na farko, in bai yarda ba me zai faru. Likita ya ce hanyar za ta toshe, watakila cikin watanni, kuma ƙarshen ba mai sauƙi ba ne. Na biyu, ko zai iya ruku'u da sujada da abin nan a jikinsa. Likita ya ce zai iya, yana da mutane da yawa da suke yi, har da waɗanda suka je Makka suka dawo. Baffa ya ce a ba shi kwana bakwai. Ranar da kwanakin suka cika muka koma, aka kawo takardar amincewa, ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami da hannunsa. Ina tsaye, Babanku yana tsaye. Na faɗi wannan ne saboda abin da aka riƙa yaɗawa daga baya, wai ni na sa hannu yana cikin magagin allura. Ban sa ba. Ba ni da ikon sawa ma.

Aikin ya yi kyau, haka likitoci suka ce, haka ni ma na gani. Ya yi sati biyu da kwanaki a kwance, aka sallame shi, aka ba mu ranakun komawa. Ni na koya wa Yaya Hanne yadda ake cire jakar, a wanke wurin da ruwan ɗumi, a bushe, a yanka bakin sabuwa daidai da girman hanjin kada ta ci fata. Ta koya da sauri, ba ta taɓa yamutsa fuska ba, Allah ya saka mata. A raina na ɗauka wahala ta ƙare.

Ranar da dangi suka taru yi masa barka, Gwaggo Laure, ƙanwarsa da take bi masa, ta shiga ɗakin ta fito. Ban san abin da ta gani ba, ko abin da ta ji. Ina tsakar gida ina zuba wa baƙi kunu, ta tsaya a kaina.

"Ke ce Rabi ko? Sannu da aiki. Mutum ya tafi da ƙafarsa da mutuncinsa, kin dawo mana da shi da leda a ciki. Basir ɗin da kowa yake da shi? Wa ya taɓa jin an toshe ɗan Adam a kan basir?"

"Gwaggo, ba basir ba ne."

"Ke kika gani? Ko turawan da suka koya miki? Da kin bar shi ya mutu yana liman, da ya fi masa."

Mata sun fi ashirin a tsakar gidan nan, babu wadda ta ce uffan. Yaya Hanne tana bakin murhu, ita da ta zo ta same ni ta rufe ƙofa, ta sunkuyar da kai tana gyara itace. Ban ga laifinta ba, a gidan za ta kwana. Na ajiye ludayin na ɗauki mayafina.

Maganar limanci kuma, ba wanda ya cire shi. Shi ya cire kansa. Ya duba littattafansa, ya tambayi waɗanda suka fi shi, ya ce sallarsa ta inganta don shi mai uzuri ne, amma bai ga dacewar ya ja masu lafiya ba alhali ga na'ibinsa. Ya koma sahun ƙarshe kusa da ƙofa. Wata rana jakar ta yi ƙara ana cikin tahiya, wani ya yi dariya, daga ranar ya koma yin sallarsa a zaure. Wannan shi ne abin da mutanen Lajawa suka gani. Ba su ga ɗigon da likita ya zana ba. Sun ga liman ya tafi Kano da takardata ya dawo ba liman ba.

Daga nan aiki ya canza mini. Mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, in jawo aljihun tebur, sai mijin ya ce, "Malama, kada ki ba mu irin ta Liman." Masu awo suka ragu. A gida Babanku bai taɓa cewa na yi laifi ba, amma ya daina tambayata yadda na wuni a wurin aiki, in zai je Lajawa kuma shi kaɗai yake shiri. Ku ma aka daina aiko muku da gyaɗa da rake daga can. Na rame a shekarar nan har ana tambayata ko ciki ne da ni.

Sau ɗaya muka yi maganar da Baffa. Da ƙaramar salla na matsa wa kaina na je gaida shi. Ya yi ƙiba kaɗan, jini ya dawo masa a fuska. Na durƙusa inda na saba, zan tashi ya ce in dakata.

"Malama, ban ce kin yi daidai ba, ban ce kin yi laifi ba. Da kin gaya mini gaskiya a zauren nan, da ban je ba. Da ban je ba, da yanzu ciyawa ta fito a kaina. Kullum ina juya biyun nan, na rasa wadda zan riƙe."

"Allah gafarta Malam, ko za ka gaya wa su Gwaggo abin da likita ya ce? Da bakinka za su yarda."

Ya gyara zamansa a kan buzu.

"Ba zan iya tara ƙannena in yi musu bayanin cikina ba. Ki yi haƙuri."

Kun san ya yi shekara bakwai bayan nan. Ya aurar da ’ya’yansa mata biyu, ya raɗa wa jikoki suna a zaurensa, kuma ba ciwon ne ya ɗauke shi ba. Har ya koma ga Allah bai tara ƙannen nasa ba, Gwaggo Laure kuma har yau in mun haɗu a gidan rasuwa sai ta gyara zama ta ba ni baya. Wannan na saba da shi. Da a nan labarin ya tsaya, da tuni na rubuta shi.

A daminar da ta biyo bayan aikin, wata mata ta zo daga Ɗankaza, sunanta Asabe. Ba za ta wuce shekara arba'in ba, mai sana'ar ƙuli-ƙuli, hannunta duk ƙanshin man gyaɗa. Mijinta Malam Garba ya kawo ta a kan keke, an yi ruwa da safe, ƙafafunsu duk taɓo. Ta ce jiri take ji. Na ja fatar idonta na ga fari. Na sa mijin ya fita, na yi mata tambayoyin nan dai da na yi a zaure, ta ba ni amsoshin nan dai, kusan kalma da kalma. A gauraye. Kamar da saura. Zanin da take ɗaurawa ya fara zagaya ta fiye da da. Ita mace ce, don haka na sa safar hannu na duba ta, na kuma ji abin da yatsana ya taɓa. Ba zargi nake yi ba a wannan karon. Na kira mijin, na jawo aljihun tebur. Yana ganin takardar ya ɗaga hannu.

"Malama, don Allah. Ba wannan muka zo karɓa ba. ’Ya’ya shida gare ta. In aka yi mata irin ta Liman, wa zai sake sayen abin da ta tuya?"

Asabe kuwa ni take kallo, ba shi ba. Har yau ina ganin kamar jira take in yi gardama.

Baffanku sau biyar na koma masa. Na taka kunyar da ke tsakaninmu, na tsorata shi, na ɓoye masa rabin gaskiya, duk don ya hau mota. Matar nan ko minti biyar ban yi a kanta ba. Na tuna bencin asibitin Kano, na tuna tsakar gidan nan da ludayi a hannuna, na ce a raina ba zan iya sake wani ba. Na mayar da takardar na tura aljihun. Na ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da man shafawa, na ce ta riƙa cin zogale da shan ruwa da yawa, ta dawo bayan sati biyu. Ta dawo sau biyu, kowane zuwa ta fi na baya rama. Kowane zuwa ina cewa yau zan yi musu magana, in ga fuskar mijin, in ƙara mata ƙwayoyi. Daga nan ban sake ganinta ba, ban kuma bi sawu ba, ga Ɗankaza nan ba nisa.

Ban sani ba ko da na tura ta za ta rayu. Watakila ya riga ya bazu. Na sha gaya wa kaina haka. Amma ba ni ce mai yanke wannan ba, akwai waɗanda aikinsu ke nan, ni nawa aikin in kai ta ƙofarsu.

Wata Juma'a bayan an yi kaka, ina gida a Wudil ina wanki, aka yi sallama. Na leƙa na ga Malam Garba a tsaye da kekensa, ya ɗauro zabi biyu a baya, ƙafafunsu a ɗaure. Ya ci kasuwa ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan. Muka gaisa, na tambayi mai jiki.

"Ai Asabe kwana arba'in ke nan jiya. Ta sha wuya a ƙarshe, cikin ya kumbura, ko ruwa ba ya zama. Amma alhamdu lillahi a ɗakinta ta cika, da jikinta cikakke yadda Allah ya halicce ta."

Na yi masa ta'aziyya, ban san da wane baki ba. Ya kwance zabin ya ajiye a bakin ƙofa.

"Wannan ba yawa, a yi wa yara miya. Kin yi mana ƙoƙari, Malama. Ana ta cewa ke mai tura mutane a yanka ce, ni kuwa duk inda na zauna sai na ce ƙarya ne, mu kin ji tausayinmu. Allah ya saka da alheri, ya raya miki zuri'a."

Na ce amin. Ban gaya masa komai ba, na bar shi ya hau kekensa ya tafi da abin da ya yi imani da shi. Na sa aka yanka zabin, na yi miyar kuka da tuwon dawa. Kun ci kuna murna, kai Nasiru har ka tambaye ni wane ne wannan mutumin kirki, na ce wani ne da na taɓa yi wa aiki. Babanku ya lura ban sa hannu ba, na ce cikina ne ba daɗi.

Ranar Litinin na rubuta takardar neman a mayar da ni sashen rigakafin yara a cikin gari, inda na ƙarasa shekaruna har na yi ritaya ina ɗiga magani a bakin jarirai. Kowa ya ɗauka gorin su Gwaggo Laure ne ya kore ni daga Lajawa, Babanku ma da wannan zaton ya rasu, ban gyara masa ba. To ku na gyara muku. In an sake ce muku uwarku ta cuci wani da aikinta, kada ku yi musu, gaskiya ne. Sai dai ku ce sun yi kuskuren suna. Sunanta Asabe.